Makullin Ƙuguna da Kwalaben Yagana

Ranar da na dawo daga Jamus, waɗanda na tarar a tsakar gida su ne matar ɗana Kaltum, da Ya Falmata ƙawata tun muna 'yan mata a unguwar Hausari nan Maiduguri, da Malama Rifkatu maƙwabciyarmu 'yar Biu wadda ta yi ritaya daga koyarwa, sai Alhaji Modu mai shagon bakin layi, wanda ya ce barka da sauka ya zo yi mini amma idonsa na kan akwatina. Ɗana Bukar shi ya ɗauko ni daga filin jirgi. Tun daga ranar duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Hajja Bintu, yaya Jamus?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura labarin yana canja kama a bakin mutane, har na ji an ce wai 'yan sanda sun kama ni a can. Shi ya sa na zaunar da Malama Rifkatu na ce ta rubuta. Ban yi boko ba, amma kowane shafi sai ta karanta mini na ji, don kada ta ƙara gishiri.

Ga abin da ya kai ni. Sana'ata turaren wuta da humra, shekara arba'in ina yi. Ina da ɗaki ɗaya a ƙuryar gida inda nake haɗi, makullinsa a ƙuguna yake kwana. Kaltum shekararta goma sha huɗu a gidan nan, tana daka mini kajiji, tana wanke farce, ɓawon nan na teku da ake sa wa turare, tana tankaɗe sandal, amma in aka zo haɗin ƙarshe sai in ce ta je ta duba tukunya. Haka uwata ta yi mini har sai da ta kwanta ciwon ajali.

'Yata Yagana kuwa ta yi karatun haɗa sinadarai har ta zama dokta, tana aiki a wata jami'a a Jamus. Wata rana Bukar ya shigo da waya a hannu yana murmushi, ya ce za a karrama Yagana, saboda wani haɗi da ta ƙirƙiro yanzu masana a ƙasashe da yawa suna yin irinsa.

Na ce, "Wa ya ba su?"

Ya ce, "Hajja, ai abin farin ciki ne."

Na ce, "An kwashe wa yarinya sirrin sana'arta, an ba ta takarda ta rataye a bango, kai kana washe baki. Kira mini ita."

Yagana ta yi ta dariya a waya, ta ce in zo in gani da idona. Ta daɗe tana roƙona in zo ina ƙi. Wannan karon na ce ta aiko da takardu. Na san halinta tun tana ƙarama, ko alewa aka ba ta sai ta raba wa 'yan layi ta dawo hannu wofi.

Maganar biza ba zan ɓata takarda a kanta ba, na dangwala yatsu har sai da na ji kamar ni ce mai laifi. Da ranar tafiya ta zo na kulle ɗakin turare, na ja ƙofar sau uku, na ɗaure makullin a ƙuguna ƙarƙashin lafaya. Kaltum na tsaye tana kallo, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Hajja." Muka bi ta Gomari zuwa filin jirgi, daga nan sai Abuja.

A Abuja makullin ya fara tona mini asiri. Na bi ta wata ƙofa marar ƙyaure sai ta yi ƙara. Na koma na sake bi, ta sake ƙara. Wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta lalube ni ta ciro shi.

Ta ce, "Mama, na akwati ne?"

Na ce, "Na ɗaki ne."

Ta ce, "Ɗakin yana Jamus?"

Na ce, "Yana Maiduguri. Shi ya sa makullin zai tafi Jamus."

Ban da Makka ban taɓa fita ƙasar waje ba, kuma can a ayari muka je, ana kaɗa mu kamar tumaki. Wannan ni kaɗai ce. A jirgi aka kawo abinci a rufe, na buɗe na shinshina na mayar na rufe. Naman da ban ga wanda ya yanka ba ba ya wuce maƙogwarona. Dabino da ƙuli-ƙulin da na ƙulla su suka kai ni.

Da muka sauka sai ga wani baƙin mutum da keken guragu yana riƙe da allo mai sunana. Ashe Yagana ce ta sa a tare ni. Na ce masa ƙafata lau, da Hausa, don ba ni da wani yaren da zan ba shi. Sai ya amsa mini da Hausa, irin ta zangon Kumasi. Ya ce, "Hajiya, hau dai, tafiyar da nisa, kuma masu keke ba sa bin layi." Jin ba ma bin layi sai na hau. Ya karɓi fasfo ɗina zai riƙe mini, ni kuma na riƙe gefen rigarsa har muka isa gaban masu duba kaya.

Nan aka buɗe akwatina. Kilishin da na kawo wa Yagana suka ɗauke, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Bandar kifi suka juya ta suka bar mini. Sai jami'in ya ɗaga kwalbar humra, ya buɗe, ya shinshina, ya yi magana.

Mutumin Kumasi ya ce, "Yana tambaya mene ne."

Na ce, "Turare."

"Yana so ya san abin da aka haɗa a ciki."

Na ce, "Faɗa masa matar ɗana ma ba ta sani ba."

Ban san yadda ya juya maganar ba, na dai ga jami'in ya yi dariya, ya sake shinshinawa, ya rufe ya mayar. Na lura ya daɗe yana shinshina yatsunsa.

Yagana na bakin ƙofa. Ta rame, kuma ta sa wata riga mai kumburi kamar katifa. Ta durƙusa ta gaishe ni a gaban Turawa, wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Masaukinta ɗaki biyu ne a bene na uku. Gidan mutum fiye da ashirin ne a ciki amma ba ka jin motsin kowa, ba sallama, ba mai aiko da ɗanɗano. Shara kala huɗu ce, kowace da bokitinta, kuma wata tsohuwa a bene na ƙasa tana leƙe ta labule ta ga wanda zai zuba ba daidai ba. Ita kaɗai na fahimta a gidan. Burodinsu baƙi ne mai tauri, ruwan shansu yana tafasa a baki ba tare da wuta ba. Kwana na biyu na karɓe kicin, na yi mana burabusko da miyar kuka da bandar nan.

Ɗakin ba ya ƙamshin komai, kamar asibiti. Na fito da kaskona na sa gawayin da na zo da shi na zuba turare. Ko minti biyar ba a yi ba wani faranti a jikin silin ya fara ihu, ashe hayaƙi ne ba ya so. Yagana ta fito da gudu daga wanka ta buɗe tagogi, ta hau kujera ta danne shi. Tsohuwar ƙasa ta hauro tana haki. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tsaya tana jan numfashi ta hanci. Na ɗiba mata kaɗan a takarda. Ta tambaya ta bakin Yagana me ke ciki. Na ce wa Yagana, "Kin ji su. Kowa a ƙasar nan tambayarsa ɗaya."

Ran Litinin ta tafi da ni wurin aikinta a jirgin ƙasa na cikin gari. Aka sa mini farar riga a kan lafaya, da tabarau kamar na mai walda. Ta fara kai ni wani ɗaki mai wata tukunyar ƙarfe da ta fi mutum tsayi, an zagaye ta da layin fenti a ƙasa. Ta ce duk wani ƙarfe a jikina in zuba a kwando. Na zuba awarwaro da waya da allurar ɗankwali, ina kallon kwandon da wanda ke kusa da shi. Makulli kuwa na yi shiru. Ina ƙetare layin nan na ji wani abu ya ja ni a ƙugu. Makullin ya miƙe a ƙarƙashin zane yana nuna tukunyar.

Yagana ta ce, "Hajja, me ke ƙugunki?"

Na ce, "Ba komai."

Ta ce, "Ba komai ba ya miƙewa tsaye. Ja baya a hankali."

Na ja baya ina karanta abin da ya zo bakina. Ta ce ba aljani ba ne, maganaɗisu ne, mayen ƙarfe, irin wanda tela ke tsince allura da shi, sai dai wannan ƙato ne. Ta ce aikinta shi ne yin irinsa amma ƙanana, waɗanda ido ba ya gani. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani yadda zan gane. Wai tana ɗaukar ƙwayar ƙarfe mafi ƙanƙanta, ta zuba ta a ruwa tare da wasu sinadarai, su kuma da kansu sai su kama hannun juna su zagaye ƙarfen su gina masa keji, ba manne ba ƙusa, kamar mata sun yi da'ira a gidan biki kowace ta san inda za ta tsaya. Kowane keji sai ya zama ɗan maganaɗisu mai tuna inda aka juya shi, amma sai a cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Burinsu shi ne wata rana ya riƙa tunawa ko ba sanyi, a riƙa ajiye bayanai a cikinsa, abin da ɗaki guda na na'urori ke riƙewa ya shiga abu kamar ƙwayar gero. Hanyar gina kejin ita ce tata.

Na ce, "To a ina kike kulle hanyar?"

Kafin ta amsa aka leƙo aka kira ta taro. Da sauri ta nuna mini wani kabad a lungun ɗakin gwajinsu, ta buɗe kaɗan. Wasu siraran kwalabe ne kamar yatsa, goma sha biyu, a jere a kan katako mai ramuka. Ta ce, "Zuciyar aikin ke nan, in na dawo zan nuna miki." Ta kai ni ofishinta mai bangon gilashi ta ce in jira.

Kabad ɗin ba kwaɗo. Wannan na fara gani.

Ina zaune sai ga wani mutum, dogo, fari kamar Shuwa, mai furfura a gemu. Ya waiga. Ya taka a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, ya buɗe kabad ɗin, ya ciro 'yar tocila daga aljihu yana haska kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki hoto da waya. Ya je teburin Yagana na cikin ɗakin gwajin, ya buɗe littafinta, ya kwafi wani abu a nasa. Ya rufe kabad ɗin ba ƙara, ya fita da sanɗa. Ya Falmata, da ke ce a wurin me za ki ce kin gani? Ni ma shi na ce.

Mutanen can ƙarfe goma sha biyu daidai suke tashi cin abinci, duka a lokaci ɗaya. Da ɗakin ya zama ba kowa na shiga, na kwashe kwalaben nan, na naɗe su a ɗankwalina na ajiya, na sa a jaka. Yagana ta dawo a gajiye, taron ya ja, ta ce mu tafi gida sai gobe. Jakar tana kan cinyata har gida, hannuna biyu a kai.

Bayan la'asar tana kicin na baje su a tebur. Sai na ga wani abu da ya ɓata mini rai. Ruwan kowace kwalba kashi biyu ne, na ƙasa ja-ja mai duhu, na sama fari, duk da jijjigar hanya ba su gama haɗuwa ba. Na ce yarinyar nan aiki ya yi mata yawa har ba ta samun girgiza kayanta. Humra in ba a girgiza ta duk bayan kwana biyu ba, mai ya kwanta gefe, ƙamshi ya kwanta gefe, an yi asara. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na girgiza da kyau, yadda nake yi wa tawa, har kowace ta zama kala ɗaya. Na jera su gwanin sha'awa.

Wayarta ta yi ƙara. Na ji muryarta ta canja. Ta fito da ludayi a hannu tana cewa wani abu ya ɓata a wurin aiki, sai idonta ya sauka a kan teburin.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye ludayin, ta ɗaga kwalba ɗaya a saitin taga. Wata laka ce ke sauka a gindinta. Ta zauna a ƙasa.

Na ce, "Na kuɓutar miki da su. Akwai wani mai tocila."

Ta ce, "Nasa ne, Hajja."

Sunansa Dokta Siddik, mutumin Sudan. Ya zo na wata shida don ya koyi hanyar Yagana. Ruwan nan biyu da gangan ake ɗora ɗaya a kan ɗaya, a bar su su sadu da kansu a hankali, a inda suka sadu sai ƙwayoyi su tsiro kamar na gishiri, masu ƙyalli. Ƙwayoyin ake sawa a na'ura a ga siffar kejin. In aka girgiza, laka ake samu, laka kuwa ba ta nuna komai. Sati bakwai yana jiransu. Shi ya sa yake tafiya da sanɗa. Saura sati uku takardar zamansa ta ƙare, kuma da sakamakon nan yake sa ran samun gurbin aiki inda zai kwaso matarsa da 'ya'yansa, don garinsu ba ya zaunuwa yanzu. Mu mutanen Maiduguri ba sai an yi mana bayanin wannan ba.

Na ce, "Amma na gan shi yana kwafe littafinki."

Ta ce, "Ni na ce ya kwafa. Abin da ke ciki ma na riga na buga shi, duk duniya ta karanta."

"Duka? Har da awo?"

"Har da awo. In na ɓoye abu ɗaya, wani ya gwada bai fito ba, za a ce ƙarya na yi."

"To ke me ya rage miki?"

Ta ce, "Sunana. Duk wanda ya yi aiki da hanyar dole ya rubuta daga wurina ya samo. Da wannan ake auna mu." Ta mayar da kwalbar a hankali, duk da ba sauran abin lallaɓawa. "Kuma da ɗaya ta fashe a jakarki, Hajja, da yanzu muna asibiti."

Ba mu ci abincin kirki ba ranar. Tunda na haife ta ban taɓa ce mata ta yi haƙuri ba, bakina bai saba ba. Na ce mata dai gobe ta kai ni wurin mutumin.

Na same shi a gaban kabad ɗin da ba komai a ciki. Ina da Larabcin Shuwa na kasuwa, wanda na koya wurin masu kawo mini itacen turare. Na gwada shi a kansa, sai ya ɗago kai da sauri. Ya gane, ko da yake wasu kalmomin sai na maimaita. Na ce masa ni ce. Na ce na ɗauke shi ɓarawo, na yi masa ɓarna, ba ni da abin da zan biya shi sati bakwai da shi, ya yafe mini don Allah.

Ya ce, "Ya Hajja, jiya da na ga wurin wayam na zauna a nan ƙasa na kasa tashi. Ba zan ce miki ba komai ba." Ya shafa gemunsa. "Amma na yafe. Kin girgiza su da kyau dai?"

Na ce, "Ba a taɓa raina girgizata ba."

Ya yi 'yar dariya. Sai ya tsaya, ya ja numfashi, ya ce humra ce a jikina? Na ce ita ce. Ya ce mahaifiyarsa ita ke yi wa duk unguwarsu, har daga wasu garuruwa ake zuwa saye. Na tambaye shi wa ya gaje ta. Ya ce ba kowa. Ba ta faɗa wa kowa ba, tana cewa sai lokaci ya yi, sai wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, rai ya yi halinsa. 'Yan'uwansa mata sun yi ta gwadawa, yana kusa amma ba shi ba ne. Ya faɗi wannan yana goge tabarau, ba don ya koya mini komai ba. Ni kuma hannuna ya kai ƙuguna.

Yagana ta shiga ta fita, ta rubuta takardu, aka ce za a duba ƙara masa wata biyu, ba a yi alkawari ba. Ya sake haɗa wasu goma sha biyu ina zaune ina kallo, hannuwana a cikin lafaya. Ina nan zaune na lura da wani abu. Duk lokacin da aka rufe ƙofar waje kabad ɗin yana ɗan rawa, kuma firjin da ke jingine da shi yana kaɗa shi in ya tashi. Na ce wa Siddik ni kwalbar da nake so ta kwanta ba motsi, a cikin kwanon yashi nake binne gindinta. Suka kalli juna shi da Yagana. Ta ce ba laifi a gwada. Sai ga mu a kanti muna neman yashi. A Jamus yashi a buhu ake sayar da shi, da hoton yaro a jiki. Na ce wa Yagana kada ta bari Alhaji Modu ya ji, zai fara auna ƙofar gidanmu a mudu.

Ranar karramawa na sa lafayata mai ruwan zuma. Zaure ne mai tebura hawa-hawa, cike da masu furfura. Siddik ya zauna kusa da ni. Yagana ta hau ta yi magana kusan awa ɗaya ba ta duba takarda ba, kejin nan yana juyawa a bango, ƙato kamar ɗaki. Daga ƙarshe aka nuna taswirar duniya da ɗige-ɗige, Siddik ya ce kowane ɗigo wuri ne da ake aiki da hanyarta. Da a Maiduguri aka nuna mini wannan, da na ce taswirar ɓarayi ce.

Tana rufe baki sai duk zauren ya ɗauki ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu. Ba tafi, ba guɗa. Na ɗauka ƙin maganarta suka yi. Na miƙe tsaye na gyara lafaya, don in za a ci mata mutunci a ci a gabana. Siddik ya ce, "Zauna, ya Hajja, tafinsu ke nan." Na zauna. Na ƙwanƙwasa nawa teburin har zobena ya bar shaida a jiki.

A hanyar gida na ce mata, "Har yanzu ban yarda kowa zai rubuta sunanki ba. Mutum mutum ne."

Ta ce akwai na'urar da ke bibiya.

Na ce, "Ita ma na'urar a riƙa duba ta."

A filin jirgi ta durƙusa za ta yi mini sallama, na ɗago ta na ce, "Ki yi haƙuri da abin da na yi." Da sauri na faɗa, ina kallon allon jirage. Ta ji. Na bar wa Siddik kwalbar humrata ya kai wa matarsa. Har ranar da ake rubuta wannan ƙwayoyin ba su isa dubawa ba, an dai ƙara masa wata biyun. Kullum in na idar da salla ina sa kwalaben nan a addu'a, abin da ban taɓa zaton zan yi wa kwalba ba.

To wannan ita ce Jamus. 'Yan sanda ba su kama ni ba, wanda ya faɗa ya ji kunya.

Washegarin ranar da na dawo, da hantsi, na aika aka kira Malama Rifkatu na ce ta zo da biro da littafi. Na kira Kaltum. Na kwance makullin na buɗe ɗakin, na duba ƙurar da na bari a bakin ƙofa, ba sawun kowa. Na ce su shigo. Na fara tun daga farko, kajiji nawa, sandal nawa, hawi nawa, yadda ake ƙona sukari kada ya wuce, Malama tana rubutawa. Na ce sharaɗi ɗaya ne, duk kwalbar da ta fita daga hannun Kaltum, ko 'yarta, ko 'yar 'yarta, a faɗa wa mai saye haɗin Hajja Bintu ne, ita kuma daga uwarta Ya Zara. Da muka zo wurin da nake tura ta duba tukunya sai na tsaya.

Kaltum ta ce a hankali, "Farcen ne, Hajja. Kina jiƙa shi a ruwan lemun tsami da kanumfari kwana uku kafin ki soya."

Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Ni nake wanke miki kwanukan."

"Tun yaushe?"

"Tun ina goyon fari."

Shekara goma sha biyu ke nan. Ba ta taɓa haɗawa ta sayar ba, ba ta faɗa wa ko uwarta ba, kullum na ce ta je ta duba tukunya sai ta tashi ta je. Na dube ta, ta sunkuyar da kai. Na ce wa Malama Rifkatu ta rubuta kwana huɗu ne, ba uku ba. Sannan na miƙa wa Kaltum makullin, na ce ta je kasuwa ta yanko mini wani irinsa kafin azahar.